Jawabi A Kan Shawarar Kai Wa Bishof Ziyara A Damaturu

  

Kwamiti ya ɗora mini nauyin in yi bayani a kan shawarar da aka kawo, cewa mu Hausawa mazauna Kumagannam mu tura wakilai su gaisa da Bishof na ɗarikar Angalika a gidansa da ke Damaturu. Na ji wasu suna cewa, ina ruwanmu da Bishof? To, ga inda ruwanmu yake.

Shanunmu da wakenmu da busasshen kifin Nguru da Gashuwa, ina suke zuwa? Da yawa Kudu suke tafiya, Anaca da Aba da Fatakwal. Can muna da 'ya'ya da ƙanne a zango. A watan Fabrairu na 2006 rikici ya tashi a Maiduguri aka ƙona coci-coci, aka kashe mutane. Kwana kaɗan sai ramuwa ta faɗa wa Hausawan Anaca, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A Nuwamba 2011 kuma 'yan Boko Haram suka afka wa Damaturu, Musulmi da Kirista duk suka yi asarar rayuka. Idan wuta ta tashi a nan, hayaƙinta kan namu yake sauka a can. Ranar irin wannan kuwa, mutumin da ya san fuskarka shi zai ɗauki wayarka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce, addini ya yarda? Malamai na nan, su gyara mini. A Islamiyya an karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura sahabbai Habasha wajen Najjashi alhali sarkin Kirista ne a lokacin, ya kuma karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina. A ƙasarmu ma an yi. A shekarun 1880 Sarkin Nufe Maliki na Bida ya aika da wasiƙa ga Bishof Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ya zama Bishof a wannan ɗarika, tun 1864. Abin da Sarki ya nema shi ne Bishof ya kai kukansa ga Sarauniyar Ingila a daina shigo musu da barasa, don tana lalata masa jama'a. Sarki Musulmi ne, bai bar addininsa ba, ya dai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Su 'yan Angalika tsarinsu hawa-hawa ne, kamar sarauta. Akwai limamin coci, sama da shi akwai mai kula da coci-cocin yanki, sannan Bishof mai riƙe da dayosis. An kafa dayosis ta Damaturu a 1996, shekara biyar bayan ƙirƙiro Jihar Yobe. Shugabansu na Nijeriya duka yana Abuja. Bishof ɗin nan kuwa yana zama majalisa ɗaya da Bishof na Anaca. Ke nan magana in ta shiga kunnensa, tana da hanyar isa can.

To, yaya za mu yi? Da farko, mu baƙi ne a ƙasar nan, komai daɗewarmu. Kada mu ɗaga ƙafa sai mun sanar da Bulama da Lawani, in sun ga dama su haɗa mu da mutum ɗaya. Tsallake masu gida shi ke jawo zargi.

Na biyu, kada mu faɗa wa mutum gida kwatsam. Mu fara da limamin cocinsu na Gashuwa ko Nguru, mu ba shi wasiƙa mai hatimin ƙungiya, da sunayen masu zuwa da dalilin zuwan. Shi zai miƙa, ofishin Bishof ya sa mana rana. Mu roƙa kada a sa Juma'a. Lahadi kuma tasu ce, haka lokacin Kirsimeti da Ista.

Na uku, mutum biyar sun isa: dattijo, malami, mai magana, marubuci, da saurayi mai jin Turanci, ko da yake da yawansu suna jin Hausa sarai. A tafi da tsaraba daidai ƙarfi, kilishi da dabino. A tsara tafiyar yadda salla ba za ta kuɓuce ba. In an shiga, a gaisa da girmamawa, mutum ɗaya ya yi magana. Ba muƙabala za ta kai mu ba, ba kuma siyasa ba, ba roƙon kuɗi ba.

Abin da za mu nema kaɗan ne. Mu yi musayar lambar waya, don in jita-jita ta tashi a tantance kafin ta zama fitina. Mu roƙe shi ya gabatar da shugabannin zangonmu ga takwarorinsa na Kudu. Mu kuma abin da za mu ɗauka shi ne amanar mutanensa da ke tsakaninmu, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da masu yi wa ƙasa hidima da masu shagunan magani. Wannan alkawari mai nauyi ne. In mun san ba za mu iya tsayawa a ƙofar shagon maƙwabci ranar tashin hankali ba, gara kada mu je, don Musulmi ba ya alkawari ya saɓa.

Shawarata ita ce yau ɗin nan a zaɓi mutum biyar, a rubuta wasiƙar kafin kasuwa mai zuwa, kuɗin mota kuma a fitar daga asusu da yardar kowa. Wanda ke da ja ya faɗa a nan gaban jama'a, ya fi a yi ta a bayan fage.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya tsare namu na gida da na Kudu, Ya sa albarka a kasuwa. Wassalamu alaikum.