Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa da Zaɓen Hanyar Ba da Kwangilar Gine-ginen Gwamnati



Ran 1 ga watan Agusta 2007, da maraice, babbar gadar da ta ƙetare kogin Misisifi a birnin Miniyafolis na ƙasar Amurka ta rufta da motoci a kanta, mutum 13 suka rasu. Tun ba a gama kwashe ƙarafa daga cikin ruwa ba, sai hukumar hanyoyi ta Jihar Minisota ta sami kanta gaban wata tambaya wadda ba ta injiniyoyi kaɗai ba ce, watau ta wace hanya za a ba da kwangilar sabuwar gada?

Hanyar da kowa ya saba da ita ita ce gwamnati ta sa a zana aiki har ƙarshe, sa'an nan a yi shelar tanda, a ba wanda ya faɗi kuɗi mafi ƙaranci. Hanya ce mai sauƙin bincike, amma tana cin lokaci, kuma in an sami kuskure a zane, aljihun gwamnati ne ke biya. Hanya ta biyu ita ce a danƙa zane da gini a hannun kamfani ɗaya, yana zana wani sashe yana gina wani. Ta uku kuwa, a ɗauko ɗan kwangila tun ana cikin zane, ya riƙa ba da shawara, daga baya a daidaita da shi a kan farashi. Minisota ta ɗauki ta biyu. Aka buɗe sabuwar gada ran 18 ga Satumba 2008, wata 13 da 'yan kwanaki bayan haɗarin. Amma fa kamfanin da aka ba shi ne ya fi kowa tsada, don an duba ingancin tsarinsa, ba kuɗi kaɗai ba. Waɗanda suka rasa kwangilar kuwa ba su yi shiru ba, sai da suka kai ƙorafi.

A nan ne matsalar take. Muddin hanya ɗaya ce, ma'aikaci ba shi da abin da zai kare kansa a kai. Da hanyoyi suka yi yawa, sai zaɓi ya zama nauyi a wuyan mai sa hannu. Hukumar manyan hanyoyi ta tarayyar Amurka ta fara ba jihohi izinin gwada sababbin hanyoyi a 1990, ta kafa ƙa'idar haɗa zane da gini a 2002, kana wata doka ta 2012 ta buɗe ƙofar hanya ta uku. Daga nan ne buƙatar ma'auni ta taso, aka shiga tsara jadawalai da manhajojin taimaka wa mai yanke shawara, ana ajiye su a intanet don kowace hukuma ta ɗauka.

Wanda ya yi fice daga cikinsu shi ne jadawalin da hukumar sufuri ta Jihar Kolorado ta tsara tare da malaman jami'ar jihar. Aikinsa ba wani sihiri ba ne. Yana sa jami'ai su zauna wuri ɗaya, su fara rubuta manufar aikin da abubuwan da suka ɗaure shi, sa'an nan su auna kowace hanya da tambayoyi: yaya gaggawar aikin take, yaya sarƙaƙiyarsa, ina aka kai a zane, nawa ne kuɗin, wane haɗari ne ke kwance a ƙarƙashin ƙasa ko cikin biyan diyyar filaye? Bayan waɗannan sai a juyo kan hukumar ita kanta, a tambaya ko tana da ƙwararrun da za su iya sa ido, ko kuma akwai isassun 'yan kwangila da za su yi gasa ta gaskiya. Kowace hanya a ba ta alamar dacewa ko rashin dacewa, wadda aka ga tana da aibin da ba ya gyaruwa kuwa a fid da ita nan take.

Lalle akwai masu zaton cewa tun da na'ura ce ta fitar da amsa, to magana ta ƙare. Wannan kuskure ne babba. Na'ura ba ta san ko injiniyan hukuma ya taɓa riƙe irin wannan kwangila ba, abin da aka gaya mata shi take lissafawa. Jami'in da ya riga ya ƙudurta hanyar da yake so, ba zai sha wuya ba wajen karkata amsoshinsa har su kai shi inda ya nufa. Haƙiƙanin amfanin abin yana ga rubutun da yake bari. Bayan shekara biyar, idan aiki ya tsaya ko kuɗi ya ninka, mai binciken kuɗi zai buɗe fayil ya ga wanda ya ce ƙasar wurin ba ta da matsala, da ranar da ya faɗi haka.

Ga ma'aikacin Nijeriya kuwa akwai wani abin lura. Dokar sayayya da kwangilolin gwamnatin tarayya ta 2007 ta sa tanda a fili, wadda kowa ke iya shiga, ita ce asali, kauce mata sai da dalilin da doka ta yarda da shi. Ayyukan haɗin gwiwa da 'yan kasuwa kuma suna ƙarƙashin wata doka dabam ta 2005. Saboda haka jadawalin da aka gina bisa dokokin Kolorado ba zai zauna daidai a teburin Ma'aikatar Ayyuka ba sai an sāke masa zubi, an sa tambayar abin da doka ta halatta a gaba, an kuma ƙara wadda ba ta cika damun Kolorado ba: shin kuɗin da aka rubuta a kasafi zai fito a kan lokaci?