Mu Bar Matasanmu Su Zaɓi Littafinsu



A nan Zariya aka shirya gasar rubutun Hausa ta 1933, ƙarƙashin Rupert East. Daga cikin littattafai 5 da suka fito akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. A wancan lokaci manya ne suka yi alƙalanci.

Yau a Tudun Jukun 'ya'yanmu sun fi riƙe waya da littafi, wasunsu ma da ƙyar suke karanta Hausa a sujada. Faɗa bai gyara wannan ba.

Don haka muna roƙon dattawa su yarda a ajiye akwatin ƙuri'a a ɗakin karatun ikkilisiya. Mu tace littattafai 10, matasa 'yan shekara 13 zuwa 19 su ara su karanta, kowa ya zaɓi gwaninsa, ya rubuta dalili. Ko zaɓinsu ya saɓa da namu, mu karɓa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.