Makarantar Da Take Zuwa Ƙofar Manomi: Darasi Daga Gundumar Macon Ta Ƙasar Amurka

 

 An umurce ni da in yi magana a kan aikin malaman gona da ilimantar da mutanen karkara. Maimakon dogon bayani, na zaɓi in kawo mana labarin gunduma guda ɗaya, wato Macon, a jihar Alabama da ke kudancin Amurka. Gunduma a can kamar ƙaramar hukuma take a wurinmu.

An soke bauta a Amurka a shekarar 1865, amma mafi yawan baƙaƙen fatar Macon sun sami 'yanci ne ba tare da ko taki ɗaya na gona ba. Sai suka koma noman kashi-mu-raba: mai ƙasa ya ba da gona, ɗan kasuwa ya ba da abinci da iri bashi, idan kaka ta yi a raba amfani, a cire bashi. Sau da yawa manomi yakan tashi hannu Rabbana, har da sauran bashi a wuyansa. Masu bashin kuwa auduga kawai suke so a shuka, shekara bayan shekara, har ƙasa ta gaji, ruwan sama ya zaizaye ta.

A garin Tuskegee, hedikwatar gundumar, aka buɗe wata makaranta ta baƙaƙen fata a 1881, ƙarƙashin shugabancin Booker T. Washington. A 1892 ya fara kiran taron manoma na shekara-shekara, a 1896 kuma ya gayyato masanin aikin gona George Washington Carver. Carver ya gwada, ya tabbatar cewa idan aka riƙa sauya auduga da wake da gyaɗa, ƙasa tana farfaɗowa, domin saiwoyinsu suna ƙara mata ƙarfi. Ya nuna yadda talakan da ba shi da kuɗin takin zamani zai haɗa nasa takin da ganyaye da kashin dabbobi da laka ta fadama. Ya kuma rubuta ƙananan takardu a kan wake da dankali da gyaɗa.

To amma, ya 'yan'uwa, a nan gizo yake saƙa. Wanda ya fi kowa bukatar wannan ilimi shi ne wanda ba ya zuwa taro. Wani nisa ya hana shi, wani kunyar tsummokaransa, wani kuma ko an ba shi takardar ba zai iya karantawa ba. Ilimi yana cikin makaranta, yunwa tana cikin ƙauye, ba su haɗu ba.

Sai shugabannin makarantar suka ga cewa tunda manomi ba zai zo ba, makaranta ce za ta je. A 1906 aka ƙera wani keken da dabbobi suke ja, da taimakon kuɗin wani attajiri mai suna Morris Jesup, aka loda masa garmuna da iri da na'urar kaɗa madara. A watan Nuwamba na wannan shekarar gwamnatin tarayya ta naɗa wani ɗalibin makarantar, Thomas Monroe Campbell, malamin gona, shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami.

Hanyar koyarwarsu ita ce abin lura. Ba sa neman gidan mai hali. Sukan sauka a gidan talaka wanda ya lalace, su tara maƙwabta, a yi aiki tare. A ja kunyoyin da za su tare zaizayar ƙasa, a wasa kayan aiki, a shafe ɗaki da farar ƙasa, a haƙa masai, a gyara akurkin kaji. Mata kuma a koya musu adana kayan lambu don rani, da kula da jarirai. Idan makaranta ta tashi, darasin yana nan tsaye a gidan, kowa ya wuce ya gani. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

A 1914 majalisar Amurka ta yi dokar Smith-Lever, wadda ta haɗa gwamnatin tarayya da jihohi da gundumomi wajen ɗaukar nauyin malaman gona. A 1918 mota ta maye gurbin keken. Da ta tsufa, manoman da kansu suka yi karo-karo aka sayi sabuwa a 1923, tana ɗauke da malamin gona da malamar harkokin gida da ma'aikaciyar jinya. Mutum ba ya zuba kuɗin guminsa a abin da bai ga amfaninsa ba.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: ilimin noma bai warware komai da komai ba. Wariyar launin fata ta sa malaman gona baƙaƙe suna samun kaso kaɗan na kuɗin aikin, har zuwa shekarun 1960. Wanda ba shi da gonar kansa kuma, ko ya gyara ƙasa, mai ita ne zai ci riba. Saboda haka malaman suka dage wajen kwaɗaitar da manoma su mallaki gona ko da ƙarama ce, su noma abincin gidansu kafin na sayarwa.

Wannan hanya ba baƙuwarmu ba ce. Buhun adana wake mai ninki uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007 a ƙasashen da suka haɗa da Nijeriya da Nijar, da irin wannan dabara ya karɓu. Ana zuba wake a ɗaure a gaban jama'ar ƙauye, bayan watanni a kwance a gabansu, su ga ƙwari ba su taɓa shi ba, kuma ba a sa masa magani ba.

Don haka kirana gare mu guda uku ne. Na ɗaya, kada mu jira malamin gona ya neme mu. Mu je ofishin gona na ƙaramar hukumarmu mu gayyato shi tun kafin faɗuwar damina. Na biyu, kowane ƙauye ya ware ɗan fili na gwaji, kuma ya kasance a gonar mai ƙaramin ƙarfi. Na uku, 'ya'yanmu da suka karanta aikin gona su tuna cewa ilimin da bai isa ƙofar iyayensu ba, da sauransa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.