Keke, Dokin Da Ba Ya Cin Harawa

Yau maganarmu a kan keke ce.

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ya yi tsada. Keke kuwa ba ya shan mai. Mutumin Sandamu ko na Mai'aduwa yana iya hawansa ya zo Daura aiki, ya koma gida da kuɗinsa a aljihu.

Amma ƙasarmu rairayi ce, siririyar taya nutsewa take yi. In za ku saya, ku nemi keken hawan dutse, irin wanda aka fara ƙerawa a Amurka a shekarun 1970. Tayarsa faffaɗa ce, kuma yana da giya. In kun shiga rairayi, ku sa giya mai sauƙin tuƙi.

Rairayi yana cinye sarƙa. Ku goge ta kowane mako, ku ɗiga mata mai kaɗan. Ku riƙe famfo da faci saboda ƙaya. Ku gwada birki kafin ku hau. A kan titi ku bi hannun dama, haka doka take tun 1972.

Allah ya kiyaye hanya.