Bayani a Kan Asalin Guguwar Teku da Rabonmu Daga Cikinta

Ya ku malamai da almajirai na Anka da Gummi da Bukkuyum, ku sani wani almajiri ya tambaye ni, shin guguwar nan da muke ji a rediyo tana rushe birane a Amurka, ita ce wadda muke gani a fako da bazara, wadda wasu ke cewa aljani ne ke tafiya cikinta? Na ce masa a'a. Ta bazara ƙasa ce ta yi zafi, iska ya tashi sama shina juyawa, ba ta daɗewa sai ta mutu. Ta teku dabam take, amma asalinta yana da alaƙa da mu.

Fasali na farko, ga yadda take haɗuwa. Kun san hadarinmu na damina daga gabas yake tasowa, ya wuce yamma. Masana yanayi sun tabbatar cewa wanga hadari shina tafe ne cikin wata igiyar iska da ke ratsa ƙasashenmu duk bayan kwana uku zuwa biyar, har ta fita ta Sanigal, ta faɗa Tekun Atilantika wajen tsibiran Kef Bade. Irinta kamar 60 ke fita a shekara, mafi yawansu su watse. Amma idan ta tarar da ruwan teku ya yi ɗumi, kamar digiri 27, sai tururi ya tashi, ya zama girgije, ya saki zafinsa, zafin ya ƙara ɗaga iska sama, wani iska ya sheƙo daga gefe don ya cike gurbi. Juyawar duniya kuwa ita ke karkata shi, har ya riƙa kewaya wuri guda kamar furar da ake damawa a ƙwarya. Idan gudunsa ya kai kilomita 119 a sa'a, to ta cika guguwar teku. Tsakiyarta shiru ne, ana ce masa ido, mafi tsananin iska kuwa shina gefen idon. Mafi yawan manyan guguwoyin Atilantika daga wagga igiya tamu sunka samo tushe.

Idan wani ya ce, to za ta zo mana? Sai mu ce ba ta zuwa, domin abincinta ruwan teku ne mai ɗumi, da ta hau tudu sai ƙarfinta ya karye, mu kuwa muna nesa da teku.

Fasali na biyu, ga ɓarnarta. Ku riƙe wannan da kyau: ruwa ya fi iska kisa. A 1970 ta afka wa ƙasar da yau ake kira Bangaladash, ta tura teku cikin garuruwa da dare, mutum 300,000 ko fiye sunka halaka. A 2005 wadda anka sa wa suna Katrina ta fasa shingayen ruwa na birnin New Orleans, kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse. A 2019 Idai ta sauka a Beira ta Mozambik, fiye da mutum 1,000 sunka rasu can da Zimbabuwe da Malawi. Amma mutanen Bangaladash sun ɗauki darasi, sunka gina mafaka masu tsawo, sunka sa masu shela gari gari, har mace-macen sunka ragu ƙwarai.

Fasali na uku, ga rabonmu. Ba mu da teku, amma muna da Gulbin Zamfara da Gulbin Ka. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta ci Gummi, gidaje da gonaki sunka tafi, dubban mutane sunka rasa wurin kwana. A Satumba na 2024 kuma kwalekwale ya kife da manoma kusa da Gummi suna ƙetarawa zuwa gona, rayuka masu yawa sunka salwanta.

Saboda haka ina yi muku wasiyya da abu biyar. Kada a gina gida ko makarantar allo a kan hanyar ruwa, ko da ya shekara goma bai bi ta nan ba. A yashe magudanai tun kafin ruwan fari. A ƙarfafa rufin kwano, a yaɓe gindin bango da rumbu. Kada a cika wa jirgi kaya da mutane in gulbi ya kawo. A saurari hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, limamai su isar da shi ga jama'a bayan salla.

Wanda ya ce wannan rashin tawakkali ne, to bai fahimci tawakkali ba. Manomi ba ya barin shuka ya ce Allah zai cika rumbu. Kai malam, yaran da iyayensu sunka kawo maka amana ne, kuma suna kwana a zauren da kai ka zaɓa. Ka duba bangonsa tun yau. Allah shi tsare mu. Haza wassalam.