Kwando 120 Na Mutum Ɗaya Ba Na Kowa Ba Ne

 Yau lissafi za mu taɓa, amma kada kowa ya gudu, lissafin tumatir ne.

Manoman rani a Kudan da Ikara da Makarfi ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. To a ce wata ƙungiyar manoma a Hunƙuyi na son sayen maganin feshi da kuɗin da ta tara. Magani biyu ne a gabanta, wanne za ta ɗauka?

Bari in kawo misali, ni na ƙirƙiri lambobin. Manoma biyar sun fesa magani na farko, gonakinsu girmansu ɗaya, sun samu kwando 20, 22, 25, 27 da 30. Wasu biyar daban sun fesa na biyu, sun samu 12, 14, 15, 18, sai mutum guda da ya kwashi 120, wataƙila gonarsa na bakin ruwa, ko tsutsar ba ta ma shiga ba.

In aka ɗauki matsakaici, rukunin farko na da kwando 24.8, na biyu 35.8. Sai a ce ai na biyu ya fi. Amma ku duba da kyau: huɗu cikin biyar ɗinsu ba su ko kai mafi ƙarancin rukunin farko ba. Mutum ɗaya ne ya ɗaga su.

Nan ne dabarar jeri take shigowa. Kamar dai yadda malami ke fitar da na ɗaya, na biyu, na uku a aji. Ka haɗa duka goman wuri ɗaya, ka jera daga ƙarami zuwa babba. Mai kwando 12 shi ne lamba 1, mai 120 lamba 10. Kun ga, ko dubu ya samu, lamba 10 ɗin nan dai zai tsaya. Sai ka tara lambobin kowane rukuni: na farko 35, na biyu 20. Labari ya juya ke nan.

Wanda ya fito da wannan a 1945, Frank Wilcoxon, masanin sinadarai ne a Amurka, kuma shi ma aikin magungunan feshi ya yi. A 1947 Henry Mann da ɗalibinsa Donald Whitney a Jami'ar Jihar Ohio suka faɗaɗa shi, shi ya sa za ku ji ana cewa gwajin Mann-Whitney. Nasu salon ya fi sauƙin ganewa: ka gwada kowane manomi na wannan rukuni da kowane na wancan. Karawa 25 ke nan. Rukunin farko ya ci 20, na biyu ya ci 5. Wannan 5 ɗin ita ake kira U.

To amma a yi hattara. Da mutum biyar-biyar, teburin gwajin ya ce sai U ta sauko 2 ko ƙasa kafin a yarda cewa bambancin ba dace ba ne, a ma'aunin kashi 5 cikin 100. Tamu 5 ce. Wato jeri ya hana mu ruɗuwa da kwando 120, amma bai ba mu izinin rantsuwa cewa maganin farko ya fi ba. Shawarar da zan ba ƙungiyar ita ce a ƙara gonaki a gwajin kafin a zuba kuɗi.

Ɗalibanmu da ke rubuta furojet, ko a Samaru ko a kwalejin lafiya ta Makarfi, ku riƙe abu biyu. Na ɗaya, rukunan su zama mutane daban-daban. In mutanen nan ɗaya ne ka auna kafin feshi da bayansa, wani gwajin na Wilcoxon ake yi, ba wannan ba. Na biyu, in mutum biyu suka yi kunnen doki, a ce a gurbi na 4 da na 5, sai ka ba kowannensu 4.5.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, zan amsa a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.