Sabunta Na'urar Ji da Ake Dasawa a Kunne



Na'urar nan da likitoci ke dasa wa wanda jinsa ya tafi, wadda Farfesa Graeme Clark ya fara sanya wa majinyaci irin tasa a Melbon ta Ostareliya a 1978, kashi biyu ce: ɗaya yana ƙarƙashin fata, zarensa ya shige lungun kunne na ciki, ɗaya kuwa yana waje, maganaɗisu ke riƙe shi a bayan kunne. Idan aka ce sabuntawa, galibi na wajen ake nufi, ba a sake tiyata.

Fa'idar kuwa, tun da kamfanin Cochlear ya fitar da Nucleus 7 a 2017, wadda ke karɓar sauti daga iPhone ba da waya ba, mutumin da hayaniyar kasuwar Nima ta Ankara da ihun yaran mota ke dagula masa magana, ko almajirin da amsa-kuwwar babban masallacin Kanda ke haɗiye masa huɗuba, zai iya jin murya tsaf a kunnensa, muddin an maƙala ƙaramin makirufo kusa da bakin mai maganar.

Sai dai, a ganina, kada ɗoki ya rufe ido. Kuɗin na'urar da dala ake lissafawa, alhali albashi da sidi ne. Gumi da laimar Ankara na cin na'ura, dole a kwantar da ita cikin akwatin busarwa kowane dare. Kuma wajibi ne ƙwararren ma'aikacin ji ya daidaita ta da kunnen mai ita kafin a ji amfaninta. A tambayi batir ma, ko ana samunsa a gari.